LAFIYA UWAR JIKI: Gashin fuska ga ɗiya mace, ruwa ba ya tsami banza

A gidaje da yawa na gundumomin Madawa, Buza da Keita, akwai wani aiki da ake yi bayan sallar asuba, kafin yara su farka. Mace za ta ɗauko ɗan madubi da matsefata daga inda ta ɓoye su, ta matsa kusa da fitila, ta shiga tsige gashin da ya fito mata a haɓa da bisa leɓe. In ta gama sai ta ja hijabi ta rufe haɓar, ta fita harkokinta kamar ba kome. Wata malamar lakwal ce, wata mai saƙar tabarmi ce, wata kuma amarya ce da mijinta ya tafi biɗa Abijan, tana fargabar ranar da zai komo ya dube ta da hasken rana. Akwai wadda ta shekara 10 a haka, ko uwar da ta haife ta ba ta sani ba.

Bakin mutane kuwa ba ya barin ta ta huta. Wasu na cewa mace mai gemu za ta yi arziki, wasu na cewa alamar mugun hali ce, wasu har su kai ga zargin maita, ko su ce kishiya ce ta yi mata jifa. Da irin wannan zance ake kwasar kuɗi ana kai wa boka, gashi kuwa na nan na fitowa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Gashi mai kauri a fuskar ɗiya mace saƙo ne daga cikin jiki. Cire shi a gida ba shi da wuya in an san hanya, amma duk wadda ta cire gashin ba ta bincika dalilinsa ba, to ta kwashe toka ne ta bar garwashi.

Daga ina gashin yake?

Jikin kowace mace yana yin ɗan kaɗan daga sinadarin nan da ke fito wa namiji da gemu, wanda likitoci ke kira testosteron. Wurare biyu ke yin sa: jakar ƙwai da ke gefen mahaifa, da wata ƴar tsoka da ke zaune bisa kowace ƙoda. Idan sinadarin ya yi yawa, ko kuwa saiwar gashi ta cika jin sa, sai lallausan gashin nan da ido ba ya ko gani ya rikiɗe ya zama baƙi mai kauri, a haɓa, da bisa leɓe, da wurin saje, wani lokaci har ƙirji da ƙasan cibiya.

Cikin mata 10 masu irin wannan gashi, 7 ko 8 dalilinsu guda ne, wato wata larura ta jakar ƙwai wadda ake rubuta wa SOPK a takardun likita. Wasu likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana ta a 1935, bayan sun duba mata 7. A 2003 masana suka taru a Rotterdam ta ƙasar Holan, suka tsai da alamomi 3, suka ce wadda aka samu da 2 daga ciki, bayan an tabbata ba wata cuta ce ta kawo su ba, tana da larurar. Ta farko ita ce rikicewar al'ada. Ta biyu ita ce alamar yawan sinadarin maza, kamar gashin fuska da ƙuraje, ko abin da awon jini ya nuna. Ta uku ita ce ƙananan ƙwayaye masu yawa da suka kasa nuna, waɗanda hoton ciki ke nunawa a jakar ƙwai. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a taɓa gano musu ba.

Abin da ya sa larurar ta wuce zancen kwalliya shi ne abokan tafiyarta. Wadda ƙwanta ba ya nuna kowane wata takan daɗe ba ta samu ciki ba, kuma kowa ya san abin da jinkirin haihuwa ke jawo wa mace a gidan miji. Bayan haka, jikin da yawa daga cikinsu ba ya jin insulin sosai, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Sai jiki ya riƙa ƙara yin sa, shi kuma yawansa ya riƙa zuga jakar ƙwai tana ƙara sinadarin maza. Ƙarshen wannan hanya, in ba a tare ba, ciwon sukari ne da hawan jini. Baƙin nan mai laushi da ke fitowa a bayan wuya da hammata, wanda ake ta gurza da soso ana zaton dauɗa ce, sau da yawa shi ne alamar farko. Haka kuma mahaifar da ta yi watanni ba ta zubar da jini ba, bangonta na ciki yana ta kauri, kuma in shekaru suka yi nisa a haka yana iya zama ciwon daji.

Ba kowane gashi ne na larura ba. Akwai na gado, wanda za a ga uwa da goggo duk suna da shi, al'adarsu daidai, haihuwarsu lafiya. Haka nan ƴan silin gashi da ke fito wa mace sannu a hankali bayan ta daina al'ada ba abin tsoro ba ne.

Man haske da ƙwayar ƙiba

Akwai kuma gashin da mace ke saye da kuɗinta. A kasuwannin Madawa, Tunfafi, Buza da Tamaske, kamar sauran kasuwannin ƙasar, ba a rasa man ƙara hasken fata a teburin ƴan koli, ba a kuma rasa ƙwayoyin ƙiba a tiren masu tallar magani. Da yawa daga irin wannan mai suna ɗauke da magani mai ƙarfi daga dangin kortizon, kamar kilobetazol da betametazon, waɗanda aka yi domin cututtukan fata, a shafa na ƴan kwanaki bisa umarnin likita. Ƙwayar ƙibar kuwa, wadda a wasu wurare ake yi wa laƙabi da «sha ka fashe», galibi deksametazon ce, ita ma daga dangin nan take.

Wadda ta yi watanni tana shafa ko tana sha, fatarta za ta yi siriri, nankarwa mai faɗi ta fito mata, ƙuraje su feso, fuska ta kumbura ta yi zagaye, gashi kuma ya tsiro a kumatu da haɓa. Ƙibar da ake murna da ita ruwa ce da kitsen ciki, ƙafafu kuwa na ramewa, jini na hawa, sukari na hawa, ƙashi na rauni. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasar Kodibuwar, inda ƴan Adar da yawa ke zuwa biɗa, ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. Mai son ganewa ya duba ƙananan haruffan da ke jikin kwali: sunan maganin galibi yana ƙarewa da «sone» ko «sol». Sai dai a kiyaye abu guda. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta daina rana ɗaya, domin tsokar nan ta bisa ƙoda ta yi barci, kuma yankewa farat ɗaya na iya kai mutum ga suma, har ga mutuwa. Likita ne zai tsara yadda za a rage ta kaɗan kaɗan.

Gyara a cikin gida

Wasu mata na jin tsoron taɓa gashin saboda hadisin da ya hana tsige gira. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bayyana cikin sharhinsa na Sahihu Muslim cewa gemu da gashin baki in sun fito wa mace ba su cikin wannan hani, cire su ma abin so ne. Da yawa daga malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a Nijar, sun ma kai shi ga wajibi. Saura sanin hanya.

Hanya mafi sauƙi da araha ita ce aski da reza, kuma ita ce aka fi yi wa ƙarya. Ana cewa aski na ƙara wa gashi yawa da kauri. Tun a 1928 wata masaniya ta Amurka, Mildred Trotter, ta auna ta nuna ba haka ba ne. Reza tana yanke gashi ne a tsakiyarsa inda ya fi kauri, shi ya sa in ya tsiro ake jin kaushi, amma ba ta isa ga saiwa ba, balle ta canza ta. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi na ƴan mintoci, a sa kumfar sabulu marar ƙarfi, a bi kwanciyar gashin ba tare da an ja fata ba, a ɗauraye, a shafa man kaɗe kaɗan. Reza ta zama sabuwa, ta kuma zama ta mutum ɗaya. Ciwon hanta mai bin jini ya yi yawa a ƙasashen Sahel, kuma reza ko askar da aka yi tarayya a kanta na cikin hanyoyin ɗaukarsa, haka ma sida. Ko tsakanin miji da mata, ko ya da ƙanwa, kowa da tasa.

Matsefata ta dace da wadda gashinta ƴan sili ne. A tafasa ta ko a goge ta da alkol na likita, a kama gashin daga gindi, a ja shi ta inda ya kwanta. Tsigewa da zare, wadda masu gyaran amare suka iya, ita ma daga saiwa take cirewa, kuma takan kai mako 2 zuwa 4 kafin gashin ya komo.

Sai halawa, wadda ta shigo ƙasar Hausa daga wajen Borno da Cadi tare da dilka. Ana haɗa cokali 8 na sukari da cokali 1 na ruwan lemun tsami da cokali 1 na ruwa, a dafa bisa wuta marar ƙarfi ana motsawa har ta yi launin zuma, a sauke ta huce. A fara gwada ta a wuyan hannu, domin sukari mai zafi yana ƙona fata fiye da tafasasshen ruwa. Gashin ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, fata ta zama busasshiya. A shafa ta ana saɓa wa kwanciyar gashi, a fizge ta ana bin kwanciyarsa, kada a maimaita wuri ɗaya fiye da sau 2. Wadda ke shafa man haske kada ta kusanci halawa, domin fatarta ta yi siriri, tana iya ɗayewa tare da gashin.

Akwai kuma man cire gashi na farmasi, irin su Veet, wanda ke narkar da gashi a bisa fata. A nemi wanda aka rubuta na fuska ne, a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 24, kada kuma a wuce mintocin da aka rubuta a kwali ko da gashin bai gama fita ba.

Matsalar da ta fi damun baƙar fata ita ce gashi mai nannaɗewa, wanda kan juya ya huda fata ya shige ciki, ya yi ƙurji, ƙurjin ya bar baƙin tabo, wani lokaci tabo mai tudu wanda ba ya ɓacewa. Sau da yawa tabon ya fi gashin muni. Wadda ta ga haka ta bar tsigewa da aski na ƴan makonni, ta riƙa rage gashin da ƙaramin almakashi, tana dafa wurin da tsumma mai ɗumi, kada ta tone ƙurji da allura ko farce.

Akwai abubuwan da ba a sa wa fuska ko kusa: sodar yin sabulu, man miƙar da gashin kai, ruwan toka, kanwa, da ruwan batir. Duk suna cin fata kafin su ci gashi. Ɗanyen lemun tsami in aka shafa aka fita rana yana ƙona fata ya bar baƙi. Lalle da kurkum ba su kashe saiwar gashi. Shayin na'ana'a kuwa, an gwada shi a Turkiyya a 2007 da Ingila a 2010, kofi 2 a yini, an ga sinadarin maza ya ɗan sauka a jini, amma ba a ga gashin ya ragu a ɗan lokacin gwajin ba. Mai so ta sha, sai dai ban da tulin sukarin da aka saba zubawa a barada.

Ranar zuwa likita

Kayan aikin farko na wannan bincike kalanda ce da alƙalami. Mace ta riƙa sa alama a ranar da ta ga al'ada. In tsakanin wata da wata ya wuce kwana 35, ko ta ga al'ada ƙasa da sau 8 a shekara, ko ta yi kwana 90 ba ta gani ba alhali ba ciki ba shayarwa, to ta nufi likitar garinsu ta ga ungozoma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kada ta tsige gashin kwanaki kaɗan kafin ta je, ta kuma tafi da duk man da take shafawa da ƙwayar da take sha. A auna mata hawan jini, da sukari, da nauyi. In ana bukatar hoton ciki ko ƙarin awo, akwai asibitin gunduma a Madawa, Buza da Keita, akwai asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, akwai asibitin uwa da ɗa na Tawa, sa'an nan babbar matanitin Isaka Gazobi a Yamai.

Akwai alamomin da ba a jiran kalanda a kansu. In gashi ya taso da ƙarfi cikin ƴan watanni, murya ta yi kauri, sanƙo ya fara, nono ya ragu, ko kuwa gemu ya fito wa dattijuwa farat ɗaya, to a tafi asibiti cikin makon nan. Wannan na iya zama ƙari a jakar ƙwai ko bisa ƙoda. Ba kasafai ake samun sa ba, kuma in an same shi da wuri ana cire shi.

Ga wadda ba ta neman ciki a yanzu, maganin farko shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wadda ke rage sinadarin maza, ta daidaita al'ada, ta kare mahaifa. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa magungunan tazarar haihuwa cikin abubuwan da ake bayarwa kyauta a likitocin gwamnati. Sai dai allura da ɗan tsinken da ake sawa a dantse ba su maganin gashi. Ƙwayar kuma ba ta kowa ba ce: mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai ciwon ɓarin kai mai rikita gani, da mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba, duk sai an nema musu wata hanya. Ana kuma bukatar haƙuri, domin sai an yi wata 6 kafin a ga bambanci. In bai isa ba likita na iya ƙara sipironolakton, wanda ba a shan sa da ciki ko ana neman ciki, saboda yana cutar da ɗan tayi namiji. Ga mai neman haihuwa kuwa akwai magungunan da ke sa ƙwai ya nuna, irin su kilomifen da letirozol, kuma mata da yawa masu larurar sun haihu, da magani ko ba da shi ba.

Mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa al'ada kan daidaita da kanta. Matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita tun daga 1984 ba su bukatar a koya musu motsa jiki. Ma'aikaciyar ofis da matar Alhaji da ke zaune cikin gida su ne ke bukatar tafiyar minti 30 a yini, da rage lemun kwalba, da sukarin fura da na shayi. Amma siririya ma tana iya samun larurar, don haka rama ba hujjar ƙin zuwa awo ba ce.

Rabon maigida da ɗan kasuwa

Mafi yawan masu karanta wannan shafi maza ne, kuma rabin maganin na hannunsu. Mace ba ta zuwa Galmi ko Tawa sai da iznin maigida da kuɗin mota. Mijin da ya ga matarsa ta shekara 2 ba ciki, ga gashi a haɓa, ga al'ada na ɓata, ya fara da kai ta awo, shi ma a auna shi, kafin ya saurari masu ba shi shawarar ƙarin aure. Uban da ya ji ɗiyarsa ta fara ƙin zuwa lakwal saboda dariyar ƴan aji, ya sa uwarta ta raka ta wurin ungozoma. Mijin da ke yabon fara da mai jiki a gaban matarsa kuwa, ya sani shi ne ya aike ta teburin ɗan koli.

Ɗan kasuwar da ke sauke katan na man haske daga Ilela ko Ƙonni, shi ma ya duba jikin kwali kafin ya jera. Akwai riba a kowane tubu, amma mai sayen ɗiyar wani ce, wata rana kuma tana iya zama tasa. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, an san abin da ake yi wa nasa.